Tsohuwa Ta Hau Dutse Ba Da Shi Ba

Hanyar da Direba yake bi kullum ba ta da abin kallo. Daga babbar tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa asibiti, sai ƙofar jami'a, ya zagaya shataletale ya dawo inda ya fito. Ya san kowane rami da ke kanta. Ya san danjar da ke daɗewa a kan ja, ya san dattijon da ke tsayar da bas sannan ya fara tambayar ina ta nufa. A kan wannan hanya furfura ta same shi, yana jan doguwar bas ta kamfanin sufuri, bai taɓa goge ko keke ba.

Amma in aka ɗauko hirar hanyoyi, sai ka rantse ya zaga duniya. Zai ba ka labarin wadda aka shimfiɗa a kan teku, gada na miƙa ka ga gada, igiyar ruwa na watso gishiri a gilashi. Zai ba ka labarin wadda aka huda a cikin dutse aka fasa mata tagogi, kana tafiya haske na ɗaukewa yana dawowa. Akwai wata a bakin gaɓa da ba ta da shinge, dama dutse, hagu sai iska da tsuntsaye. Duk a waya ya gan su. Wadda ta fi kwanta masa a rai kuwa ita ce ta wani dogon dutse a wata ƙasa mai sanyi, wadda ta nannaɗe kamar an yar da igiya, kwana a kan kwana, har mota ta shige cikin gajimare. Ya kalle ta har ya haddace. Ya san inda za a sauke giya, ya san inda ba a taɓa birki. Wani lokaci yana tsaye a danja, fasinjoji na ta surutu a bayansa, sai ya tsinci hannunsa na murza sitiyari, yana shan wata kwana da ba ta nan.

Abokin wannan hauka shi ne Dogo, amininsa tun suna zama benci ɗaya a makaranta. Dogo na da shagon kayan gyaran mota, a bayan shagon kuma akwai fili mai rumfar kwano. 'Ya'yan Direba Baffa suke ce masa, nasa ma haka suke ce wa Direba.

A bayan wani gidan burodi suka tsinci wata tsohuwar mota: ƙarama, mai ƙofa biyu, ba taya, kaji sun mayar da kujerar baya wurin saka ƙwai. Dogo ya zagaya ta, ya cire hula.

"Wannan ta girme mu," ya ce. "Sai mu riƙa durƙusawa in za mu gaishe ta."

Daga nan ta zama Tsohuwa. Shekaru suka yi a kanta. Dogo ne mai nemo kaya, don ya san inda ake samun abin da aka daina ƙerawa; Direba ne mai hannu. Duk ranar hutu yana kwance a ƙarƙashinta a kan kwali, Dogo na miƙo sifana yana zuba zance. Matar Direba, wadda ke ɗinki a ɗakin gaba na gidansu, ta gaji da wanke baƙin mai, har ta ware masa tsofaffin riguna ta ce kada ta ga ya kusanci motar nan da wasu. Ranar da injin ya tashi, manyan mutane biyu suka rungume juna cikin hayaƙi suna tari suna dariya. Suka yi mata jan fenti.

Da ita suka shiga ƙungiyar masu sha'awar tuƙi, waɗanda ke haɗuwa a wurin ajiye motoci na bayan filin wasa. Yawancinsu masu hali ne. Shugabansu likitan haƙori ne, mutum mai fara'a, kowa Likita yake ce masa. Ba su raina Direba ba. In aka fita gwada motoci a wajen gari, sukan tsaya su kalli yadda yake shigar da Tsohuwa kwana ya fito da ita kamar mai zura zare a allura.

Sai ga labarin da ya hana shi cin abinci. Wani kamfanin taya zai ɗauki nauyin mota ɗaya daga ƙungiyar, da mutum biyu, zuwa taron tsofaffin motoci da ake yi a kan wancan dutsen, shi dai wannan da ya haddace. Aka ɗaga hannu, Tsohuwa ta ci. Direba ya yi fasfo na farko a rayuwarsa. Ya sayi ƙatuwar rigar sanyi a gwanjo, ya sa ta a falo da tsakar rana yana zufa, yara na dariya har da faɗuwa. Matarsa kaɗai ba ta yi dariya sosai ba.

Bayan wasu makonni Dogo ya same shi a tasha, fuska a ɓace.

"An ɗage tafiyar nan sai baɗi," ya ce. "Takardu ne ba su fito ba. Likita kunya ta hana shi kiranka, har taro ma ya ce a dakata."

Direba ya ce, "To, dutsen dai ba gudu zai yi ba."

"Sai dai kamfanin sun roƙi a ba su Tsohuwa su ajiye a wurin baje kolinsu na can bakin teku, a yi talla da ita. Kada mu ɓata da su."

Direba ya amince. Shi ya wanke ta, shi ya goge ta, shi da hannunsa ya hau da ita bayan tirela, ya bi sarƙoƙin da aka ɗaure ta da su yana gwadawa. Ba da daɗewa ba Dogo ya ce zai tafi saro kaya kamar yadda ya saba, ya bar masa amanar iyalinsa. Direba ya riƙa biyawa ta gidan yana tambayar yaran karatu.

Abin ya fara ne kamar wasa. Wani ɗan ƙungiya ya haɗu da shi a bakin titi, ya kama masa hannu zai tsallakar da shi. Direba ya fizge yana dariya. Wani kuma ya tsayar da mota ya ce, "Ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi," ya ja kafin a ba shi amsa. Direba ya ɗauka an rikita shi da wani ne.

Wata safiya ya zo ɗaukar makulli, sai ya tarar ƙusar da ake rataye nasa babu komai. Aka ce Manaja na nemansa.

"Zauna, Baba," in ji Manaja, yana jujjuya makullin a hannu. A shekaru Direba ya kusa haifarsa. "Wata magana aka kawo mini, ban ji daɗinta ba. An ce idonka ya fara mutuwa, kana ɓoyewa."

"Idona?"

"An ce da rana ma dishi-dishi kake gani."

Direba ya juya ya kalli kalandar da ke bangon can nesa, ya karanto masa ƙananan rubutun da ke ƙasanta har ƙarshe. Manaja ya sunkuyar da kai.

"Na ji, Baba. Amma rayukan mutane kake ɗauka. Tunda magana ta shigo ofis, sai asibiti ya wanke ka. Kafin nan ba za ka hau mota ba."

Haka ya fito ta gaban direbobin da shi ya koya wa wasunsu shiga tasha da baya, suna kawar da kai don kada a haɗa ido. Wani ya jawo masa kujera da sauri, kamar ya ga zai faɗi. Wannan kujerar ta fi maganar Manaja yi masa ciwo.

A asibitin ido aka rufe masa ɗaya ya karanta, aka rufe ɗayan ya karanta, aka haska masa fitila, aka ɗiga masa magani. Matar da ta duba shi ta ce lafiyarsa lau, ta tambaye shi me ya kawo shi. Ya ce shi ma abin da yake son sani ke nan. Da ya kai wa Manaja sakamakon, ya ƙi karɓar makulli sai an gaya masa daga ina maganar ta fito. Manaja ya yi ta kwana-kwana, daga ƙarshe ya ce ƙanin matarsa ɗan ƙungiyarsu ne, a bakinsa ya ji, kuma wai kowa a ƙungiyar ya sani.

Direba bai koma gida ba. Ya wuce asibitin haƙori, ya zauna a layi tsakanin wata mata mai kumburarren kunci da wani mutum da ke riƙe da haɓa, ana jin kukan inji ta bayan ƙofa. Da Likita ya fito ya gan shi, sai ya sauke takunkumin fuskarsa, ya kama shi da hannu biyu ya nufi ofis da shi yana cewa, "A hankali, akwai matakala."

"Ina ganinta," in ji Direba. "Likita, wa ya ce maka ido na damuna?"

Likita ya yi murmushin tausayi. "Haba, ai mun zama 'yan'uwa. Dogo ya gaya mini komai. Har hawaye ya yi a kan kujerar nan da kake zaune. Ya ce ka roƙi a rufa maka asiri saboda aikinka, kuma ba ka son a yi maka maganar. Shi ya sa muka buɗe sabon zauren hira a waya ba da kai ba, don kada hotunan tafiyar su sosa maka rai."

"Wace tafiya?"

Murmushin ya fara gushewa daga fuskar Likita. Direba ya ajiye masa sakamakon asibiti a kan tebur. Likita ya karanta, ya sake karantawa, ya nemi kujera ya zauna.

"Ba a ɗage ta ba ke nan," in ji Direba.

"Ba a ɗage ba."

"Wa ya tafi a madadina?"

"Ɗan kwangilar nan mai baƙar jif. Dogo ne ya kawo sunansa."

Direba ya san shi. Mutum ne mai manyan motocin dakon yashi, wanda Dogo ya daɗe yana neman ya zama mai ciniki a shagonsa.

"Nuna mini," ya ce.

Likita ya yi jinkiri, sannan ya miƙo wayar. Ga Tsohuwa ana fito da ita daga kwantena, jan fentinta na ƙyalli a ƙarƙashin wata rana marar zafi. Ga ta a gindin dutsen cikin jerin motoci, an manna mata lamba a ƙofa. A bayanta hanyar ta miƙe sama daidai yadda ya san ta, har da ɗan gidan nan mai jan rufi da ke gefen gada. Ga kuma Dogo a can ƙololuwa, hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗaya a sama, baki har kunne. Direba ya ƙura wa hoton ido har hasken wayar ya ɗauke.

"Wallahi ban sani ba," in ji Likita. "Da na sani..."

"Lambata tana wayarka. Duk yawanku a ƙungiyar nan, ba wanda ya ce bari ya kira ni ya ji daga bakina?"

"Mun ɗauka mutunci muke yi maka."

"Mutuncin ya kai har ofishin Manaja."

Ya miƙe ya fita. A matakalar kuwa sai da ya yi tuntuɓe, don a lokacin da gaske ba ya gani sosai.

Ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki tana haɗa hannun wata riga. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ba ta labarin abin da ya ji da abin da ya gani. Yana cikin magana ya lura ƙafarta ta tsaya a kan keken, amma ba ta ɗago ba, ba ta kuma tambayi komai ba. Ita kuwa mace ce da ko tukunya ta faɗi a maƙwabta sai ta ji dalili.

"Kin sani," ya ce.

Ta ɗauki almakashi, ta ajiye. "Ban san shi ya ƙulla maganar ido ba, Baban yara. Na rantse maka."

"Tafiyar fa?"

"Ya zo kana wurin aiki. Ya nuna mini motocin da suka faɗo daga dutsen nan, an tattaro su kamar gwangwani. Ya ce ya san halinka, in ka hau ba za ka tafi a hankali ba. Ya ce gara shi ya je, ni dai in yi shiru har su dawo." Ta ɗago ta kalle shi. "Tun ranar da ka sa rigar sanyin nan hankalina bai kwanta ba. Ka taɓa tambayata ko ina so ka tafi?"

Bai taɓa ba, ya kuma san haka. Amma ba wannan ne ya fi yi masa ciwo ba.

"Ranar da na wanke ta za a ɗora ta a tirela, ke kika miƙo mini sabulu," ya ce. "Kina kallona."

Ta rufe fuska da rigar da take ɗinkawa. Shi kuma ya shige ɗaki. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ci gaba da cin abincinta yana amsa gaisuwarta, amma hirar da suke yi in ya dawo aiki, tana ɗinki yana ba ta labarin fasinjoji, ta mutu. Yara suka lura, suka koma tafiya a gidan kamar masu tsoron tada marar lafiya.

Ya koma kan bas. Wasu fasinjojin da maganar ta kai kunnensu sukan leƙo su kalli idonsa kafin su shiga. Wata mata ta sauke 'ya'yanta ta ce za ta jira ta baya.

Dogo ya dawo, ya yi kwanaki bai neme shi ba. Sai wata ranar hutu da hantsi ya yi sallama, riƙe da leda. Yara suka taso da gudu suna yi wa Baffa oyoyo, uwarsu ta kira su ciki. Direba ya fito da kujeru biyu tsakar gida, suka gaisa kamar baƙi. Dogo ya ajiye ledar. Hula ce mai hoton dutsen, da alewa.

"Na san ka ji," ya ce. "Ban zo kare kaina ba."

"To me ka zo yi?"

Dogo ya murza hannuwa. Ya ce ciniki ya ja baya, ɗan kwangilar kuma ya yi alkawarin duk motocinsa a shagon za su riƙa sayen kaya in ya samo masa kujera. Ya ce ya yi niyyar gaya masa, ya kasa. Ya ce maganar ido suɓutar baki ce a gaban Likita, bai zaci za ta fita daga ofishin ba.

"Da ka ba shi taka kujerar," in ji Direba.

Dogo ya ɗago kai. Da ya sake magana, muryarsa ta canza. "Kowa cewa yake motar Direba. Ni na yi yawo gari-gari na nemo mata kafireto, ni na ba da fili, amma in an fita kai ake kallo. Ni mai miƙo sifana ne. Na so a ce sau ɗaya dai ni ne a gaba."

"Duk zamanmu, ka taɓa cewa in ba ka sitiyari na hana?"

"Ban taɓa tambaya ba."

Direba ya kalle shi. Tun ranar da ya ga hoton ya tanadi maganganu masu zafi, yana wasa su tsakanin kasuwa da asibiti. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi kansa ya ba shi haushi, don ya kasa riƙe shi.

"Yaya take?" ya ce. "Kwanar nan ta bayan ramin dutse, inda hanya ke tsukewa ruwa na zubowa ta gefe. Da gaske ana jin sanyin ruwan ta taga? Da wace giya ka shige ta?"

Dogo ya kalli ƙasa. "Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba?"

"Ban tuƙa ba." Ya gyara zama. "Tun kwanonin farko na leƙa gefe, na ga babu komai sai rami. Ƙafata ta kama rawa a kan kuloci, mota ta riƙa mutuwa, na tare hanya ana ta yi mini hon. Ɗan kwangila ya karɓa, shi ko kwana ɗaya bai sha ba ya ce a sauke shi, ya koma otal. Masu taron suka haɗa ni da wata mata 'yar garin, mai kai madara ƙauyukan sama. Ita ta hau da Tsohuwa."

"Kai kana ina?"

"A gefenta. Na cusa kai tsakanin gwiwoyi har muka isa. A sama ta sauka ta ɗauke ni hoto."

Direba ya ji wani abu ya taso masa, bai san ko dariya ba ce ko kuka. Da Dogo ya ce ya hau dutsen ya more, da ya ji zafi, amma da ya san wani a cikinsu ya gani. Sai ga shi an raba shi da tafiyar, an zubar masa da mutunci a wurin aiki, an sa matarsa ta ɓoye masa magana, duk don mutum ya tsallaka teku ya je ya kalli takalminsa.

"Ko leƙawa ba ka sake yi ba," ya ce a hankali.

"Ka yafe mini, ɗan'uwa."

"Gobe ka je tasha, ka tara direbobi a gaban Manaja, ka faɗa musu da bakinka ƙarya ka yi. Ka je ƙungiya ka faɗa. Ɗauki ledarka."

"Yafiyar fa?"

"Ban iso nan ba tukuna."

Dogo ya je tashar, ya tsaya a gaban direbobi ya faɗa, kodayake "rashin fahimta" ya fi yawa a bakinsa a kan "ƙarya". A ƙungiya Likita ya sa aka cire shi. Suka aiko wa Direba cewa in an sake samun irin wannan dama tasa ce, ba sai an ɗaga hannu ba. Ya yi godiya, bai kuma koma taron ba. Kamfanin tayar ma bai sake waiwayarsu ba. Ɗan kwangila kuwa bai daɗe ba ya mayar da cinikinsa wani shagon.

Da jirgin ruwa ya dawo da Tsohuwa, Dogo ya sa aka sauke ta a ƙofar gidan Direba, makulli a ciki, ba saƙo. Ta daɗe a nan ƙura na hawanta, yana wuce ta safe da yamma kamar motar maƙwabci. Ranar da ya kasa daurewa ya buɗe ƙofarta, ƙaurin ƙonannen kuloci ya buge shi. Ya zagi Dogo a fili, karo na farko, sannan ya shiga gida ya canza riga.

Shi kaɗai ya gyara ta. Kayan kuwa sai ya tsallaka can ƙarshen gari ya saya a wurin wani da bai san shi ba. Yara ba a hana su zuwa gidan Baffa ba. In manyan sun haɗu a wurin ta'aziyya sukan yi musabaha, su tambayi iyali, kowa ya nemi wurin zama nesa da ɗan'uwansa.

Wata ranar hutu matarsa ta ce yayarta ba ta da lafiya, tana so ta je duba ta. Garin yayar na bayan tsaunuka, hanyar kuma tana da 'yan kwanoni. Ta ce za ta shiga motar haya. Ya ce ta shirya.

Ba ta taɓa shiga Tsohuwa ba sai ranar. Ta riƙe hannun ƙofa gam, kular abinci a cinyarta. Suka ɗauki hanya. Da suka fara hawa, gari ya koma ƙarami a madubi, ta ce ba tare da ta kalle shi ba, "Haka hanyar can ɗin take?"

"A'a."

"To yaya take?"

Ya buɗe baki zai fara kamar yadda ya saba fara wa kowa, sai ya ji maganar ba ta da ɗanɗano. Ya daɗe bai kalli hanyar a waya ba, ba ya kuma jin zai sake.

"Sai dai a tambayi mai madara," ya ce.

Ashe ta ji hirarsu da Dogo ta taga. Dariya ta suɓuce mata, ta yi saurin toshe baki, ta saci kallonsa. Bai yi dariya ba, amma bai ɗaure fuska ba. Wata kwana ta taso, ya sauke giya ya shige ta, kular ta karkata.

"Baban yara, rage gudu," ta ce. "Miyar nan za ta zube."

Ya rage.